Amsa: Fitilar da ta dace da saman wurin wanke-wanke

Malama, kin tambayi irin fitilar da ta dace a saman wurin wanke-wanke na kicin. Wurin kafa ta ya fi komai muhimmanci, domin idan ƙwan yana tsakiyar silin, inuwarki ce za ta rufe kwanukan, saboda haka a sa shi daidai saman famfo ko ƙarƙashin kabad. Ki nemi ƙwan LED, wato irin wanda ba ya cin wuta sosai, mai wat 9 zuwa 12 da farin haske, wanda zai nuna miki maiƙon da ya maƙale a tukunya. Ina roƙonki ki zaɓi mai murfi da lambar IP44, wato alamar cewa tana jure fantsamar ruwa, saboda tururi da ruwan da ke fantsama, makunnin kuma ya yi nesa da famfon. Tunda ana yawan ɗauke wuta a Zariya, ki nemi fitila mai caji a kasuwar Sabon Gari.