Hannuna gajere ne, ina amfanina a ikilisiya?

Tambaya: Mama, barka da aiki. Ni matar aure ce a cikin garin Katsina, 'ya'yana huɗu, ina ɗan ɗinki a gida. A Zumuntar Mata kullum ana mana wa'azin bayarwa hannu sake, ana cewa ta nan mace take gane abin da Allah ya kira ta ta yi. Ni kuwa in na zuba naira ɗari biyu a baiko sai kunya ta kama ni, ganin abin da wasu ke zubawa. Na doshi arba'in, har yau ban san baiwata ba. Sai na yi kuɗi zan yi amfani?

Amsa: 'Yata, na ji daɗin tambayar nan, domin mata da yawa suna ɗauke da ita a ciki, ba su furta ba. Na daɗe ina koyarwa a zumunta, kuma na lura masu irin wannan kunyar galibi su ne suka fi kowa bayarwa, su dai ba sa lissafa abin da ke fita daga hannunsu.

Bari mu fara kawar da maganar ɗari biyun. A Markus 12, Yesu ya zauna daura da ma'ajin Haikali yana kallon masu zuba kuɗi. Attajirai suka zuba da yawa, wata gwauruwa ta zo da 'yan aninai biyu, ya ce ta fi su duka, don su daga yalwarsu suka ɗiba, ita kuwa abin zaman garinta ke nan. Bulus ma a 2 Korintiyawa 8:12 ya ce ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Kunyar nan daga idon mutane ta fito, ki ajiye ta.

Amma ni inda idona ya tsaya a wasiƙarki shi ne ɗinkin da kika ambata a gurguje. Ki buɗe Ayyukan Manzanni 9, daga aya 36. A Yafa an yi wata almajira, Tabita, wadda ake kira Dokas. Ba a ce ta yi wa'azi ba, ba a ce tana da dukiya ba. Da ta rasu aka aika Lidda aka kira Bitrus, gwauraye suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Shaidarta ke nan, a jikin mutane take. Ban tsammanin Dokas ta zauna wata rana tana binciken baiwarta. Ta ga mace ba sutura, ga allura a hannunta, ta kama aiki. Baiwa a cikin aiki take bayyana, kamar yadda ba a sanin daɗin miya sai an ɗora tukunya.

Akwai wata 'yar'uwa da muka yi zumunta tare, mai tuyar ƙosai. Ɗanta ya taɓa kwanciya a asibiti, ta ga wata mata daga ƙauye tana jinyar mijinta, kwana biyu ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Tun daga nan, duk ranar Alhamis takan dama kunun tsamiya ta cika jarka, ta ƙulla ƙosai goma goma a leda, ta nufi ɗakin majinyata. Ba ta tambayar addinin kowa. Na raka ta sau ɗaya, na ga yadda ta durƙusa ta tallafi kan wata tsohuwa tana ba ta kunu da ludayi, tana cewa "Sannu Iya, kaɗan kaɗan." Matar da ba ta iya buɗe baki a taro, ga ta nan kamar an haife ta don wannan. Yau ita ke jagorar masu ziyarar marasa lafiya.

To ke, wace bukata ce in kin gani take hana ki barci? Marayun da ke zuwa makarantar Lahadi da yagaggen kaya? Matan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana, suka shigo gari da zanen jikinsu kawai? Ki zaɓi guda. Ki tara ƙyallayen da ke ragowa, ki ɗinka rigar yaro ɗaya a wata. Ko ki ɗauki yarinya ɗaya ki koya mata yanka da ɗinki kyauta. Ki yi wata shida a kai, sannan ki duba zuciyarki: aikin da kika gaji a cikinsa amma kina ɗokin komawa, ki riƙe shi da kyau.

Kada ki raina kaɗan in ana yin sa kullum. A jihar Mizoram ta Indiya, tun 1910 matan ikilisiya suke ware shinkafa cikin tafin hannu duk sa'ad da za su ɗora girki, a tara a sayar don aikin bishara, har yau ba su daina ba. Mu ma da geronmu da masararmu, tafi ɗaya a kowane girki ai ya cika tiya kafin a ankara.

Sai gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada ki ci bashi don ki yi baiko, kada ki taɓa kuɗin makarantar yara ko na adashen da kike riƙe wa mutane. Duk mai ce miki ki "shuka" dubu biyar Allah zai mayar miki da dubu hamsin, ciniki yake koya miki. A 2 Korintiyawa 9:7 an ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba. Abin da ya shafi hatsin gida kuma, ku yi shawara da maigida, kada alheri a waje ya jawo rigima a ɗaki.

Ranar zumunta mai zuwa ki sami shugabarku a gefe, ki tambaye ta gwauraye nawa ne a ikilisiyarku da ba su da zanen zumunta, da waɗanda 'ya'yansu ba su da kayan Kirsimeti. Ki karɓi suna ɗaya, ki je da tef ɗinki ki auna.