Amsa ga malamin Argungu kan digiri na biyu a fasahar koyarwa

Malam, ka ce kana koyar da kimiyya a sakandare a Argungu, digirinka ba na ilimi ba ne, kuma kana son digiri na biyu kan amfani da fasaha a aji ba tare da ajiye aiki ba.

Fara da PGDE tukuna, wato difilomar koyarwa ta masu digirin farko. Jami'o'i kan nemi shaidar koyarwa kafin su ɗauki mutum M.Ed., wato digiri na biyu a fannin ilimi, kuma za ta buɗe maka hanyar rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, tana yin PGDE ta hanyar karatu daga nesa. Bayan nan ka duba NOUN, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, tana da M.Ed. a fasahar ilimi, kana karatu kana aikinka. Kada ka sa rai da tallafin karatu daga TETFund, hukumar asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, malaman manyan makarantu take ɗaukar nauyi.

Abin da na fi so ka kula da shi kuwa, Malam, shi ne aikin bincikenka. Ka gina shi kan abin da ke hannunmu: wayar salula, WhatsApp, bidiyon gwajin sinadarai da aka sauke ana kunnawa babu intanet, da sola idan wuta ta ɗauke. Yawancin ɗalibanmu ba su taɓa ganin ana haɗa sinadarai a ɗakin gwaji ba. Ka koyar da aji ɗaya da bidiyon, ɗaya da allo kaɗai, ka gwada makinsu.