Kafin ka ba da jikkunanka a kan littafin girki

Ɗana, ka tambaye ni ko littafin girkin nan mai hotuna da ka gani wajen masu sayar da littattafai kusa da Babbar Kasuwar Yamai ya cancanci kuɗin da aka yanka maka, da kuma yadda ake gane na kirki. Tambayar ta yi mini daɗi, domin yaron da ke son kashe guminsa a kan ilimin sana'a ya kama hanya. Amma kada ka biya tukuna.

Koma wurin mai littafin ka roƙe shi ya bar ka ka duba cikinsa. Hotunan nan masu sheƙi ka wuce su, aikin mai ɗaukar hoto ne, kuma ba girin-girin ba, ta yi mai. Nemi abincin da hannunka ya riga ya sani, kamar yassa, abincin nan mai miyar albasa, wadda kake yanka mata albasa kullum a nan. Karanta abin da ya ce a kan suyar albasar. In ya ce cikin minti 5 za ta yi laushi, ta yi ja, ta yi zaƙi, to marubucin bai tsaya gaban tukunya ba. Kai shaida ne cewa kilo guda na albasar Galmi a kan wuta kaɗan-kaɗan yana cin rabin awa ko fiye kafin ya kai nan. Wanda bai faɗi gaskiya a kan abin da ka sani ba, ta yaya za ka miƙa masa naman mutane a kan abin da ba ka sani ba?

Abin da na fi dubawa shi ne ko littafin yana ba da alama, ko kuwa agogo kawai yake nuna maka. "Dafa minti 20" ba ya isa. A kan wace wuta? Gawayi daban, gaz daban, itace daban. Ragon da ya yi kiwo a daji har ya iso kasuwar dabbobi namansa ya fi na ɗan tunkiyar Faransa tauri nesa ba kusa ba, ba za su nuna a lokaci ɗaya ba. Marubuci na ƙwarai zai ce ka soya tumatir har mai ya taso sama, tsamin ya mutu. Zai ce ka bar kwaɓin burodi har ya ninka, in ka danna da yatsa ya dawo a hankali. Da irin wannan bayani, ko a Tahoua ka buɗe gidan abincinka da murhun da ba ka saba da shi ba, idonka da hancinka za su fisshe ka.

Sai awo. Tuwo da miya suna yafiya, gato da burodi ba sa yi. In za ka sayi littafin kayan fulawa, ka tabbata da giram yake magana. Littattafan Amurka da kofi suke awo, kofinsu kuwa kusan mililita 240 ne, ba kofin shayinmu ba. Kofi ɗaya na fulawa yakan kai giram 120 in an zuba a sake, in an danna ya haura 150, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya mai da gato dutse. Haka zafin tanderu: in ka ga 350 a littafin Amurka, a ma'auninmu kusan 180 ke nan, kuma shi ne abin da littattafan Faransa ke kira lamba 6 a maɓallin tanderu. Littafin da ya rubuta maka waɗannan a fili ya san akwai mai karatu a wata ƙasa.

Ka tuna kuma yawancinsu an rubuta su ne a ɗakin girki mai sanyin digiri 20. Mu a Yamai, Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40. Kwaɓin da aka ce ya yi awa biyu, a nan kafin ka gama wanke tukwane ya tashi, in ka bi agogon littafi ya yi tsami. Bota tana narkewa tun zafi bai kai 35 ba. Da hunturu kuma iska ke busar da saman kwaɓi in ba a rufe da ɗanyen ƙyalle ba. Shi ya sa nake son littafin da ke faɗin dalili: me yis ke yi, me ya sa ake hutar da kwaɓi, me ya sa ba a cika kasko da nama in ana son ya soyu. Wanda ya san dalili zai iya gyarawa da kansa.

Daga nan ka ƙirga da yatsa. A cikin girke-girke ashirin na farko, nawa za ka iya haɗa kayansu a kasuwar Katako ko ta Wadata da kuɗin da mai cin abincinmu zai iya biya? Littattafan Turai da yawa cike suke da giya da naman alade da cukun da sai an yi odarsa. In goma cikin ɗari kawai za su yi maka amfani, kuɗin goman nan ka biya da tsada. Mai kyau yakan ce in babu abu kaza, sa abu kaza a madadinsa.

Abu ɗaya da ko littafi mai kyau ba kasafai yake faɗa ba: awon mutum 4 ba a ninka shi kai tsaye zuwa na biki mai mutum 100. Ruwan shinkafa musamman, babbar tukunya ba ta buƙatar ninki daidai da ƙarama, kuma barkono sai da ɗanɗano.

Namu na gida kuwa, dambun zogale, fura, miyar kuka, yajin kilishi, kaɗan ne aka rubuta. Littattafan da ke zuwa daga Kano da mudu suke awo, mu kuma da tiya, sai ka lura. Don haka ko ka sayi wancan littafi ko ba ka saya ba, ka sayi littafin rubutu mai kauri. Gobe in za mu turara dambu, ɗauko sikeli ka auna duk abin da na ɗebo da hannu kafin in zuba, ka rubuta giram ɗinsa da alamar da ka gani lokacin da na sauke.