Filin Tambayoyinku: "Wai ni matsoraci ne don na riƙe ludayi ban riƙe bindiga ba"

Tambaya: Salam Baba. Ni saurayi ne, mun gudo daga Madani ta ƙasar Sudan a Disambar 2023 da garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojan gwamnati, yanzu muna Gadarif a wata makaranta da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira. Tun zuwanmu nake aikin takiyya, wato wurin da ake dafa wa jama'a abinci kyauta, ni ne ɗebo ruwa ni ne faskare, wani lokaci ni ke riƙe littafin sunaye in ana rabon adas da balila, wato miyar ƙananan wake da dafaffen hatsi. To abokaina uku sun shiga istinfar, wato ɗaukar makami a taimaka wa soja, kullum muka haɗu wajen mai shayi sai sun min ba'a wai girki na mata ne, ɗaya har cewa ya yi mu Hausawa in ba mu ɗauki makami ba har abada baƙi za a ringa ce mana. Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Wai silmiyyar nan, wato zanga-zangar lumana, da muka yi ta ihu a titi ta tsinana wani abu kuwa? — Ɗanka daga Gadarif

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ta tsinana mana. Sau uku mutanen ƙasar nan suna kayar da mulkin soja hannu rabbana, Abbud a Oktoban 1964, Numairi a Afrilun 1985, sai Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019 bayan shekara 30 a kan kujera, abin da ya faro daga kukan tsadar burodi a Atbara. Ni abin da ba na mantawa ma 30 ga Yunin 2019 ne, an watse zaman dirshan masu zanga-zanga a Khartoum ranar 3 ga wata an kashe yara sama da ɗari kuma an yanke intanet, amma 'yan kwamitin unguwa suka bi gida gida da baki da 'yar takarda har titi ya cika maƙil. Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba, silmiyya ta iya tuɓe shugaba amma ba ta iya raba masu bindiga da mulki ba, shi ya sa aka yi juyin 25 ga Oktoban 2021, shi ya sa kuma aka wayi gari 15 ga Afrilun 2023 da wannan masifar yaƙi.

Maganar abokinka ita ta fi damuna, don na san inda ke masa ƙaiƙayi. Rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a Damazin da Rusairis a Yulin 2022, ya sake dawowa Wad al-Mahi a Oktoba, babu Bahaushen Sudan da bai ji shi a jikinsa ba. Amma ka tambaye shi, su waɗanda suka kore ku daga Madani daga ina suka fito? Ba makamin da gwamnati ta raba wa wasu ƙabilu a Darfur a 2003 ba ne ya girma ya zama rundunar RSF a 2013, ya zo ya juyo kan wanda ya raine shi? Bindigar da aka bayar da sunan ƙabila ban taɓa ganin an dawo da ita sito ba. Kuma kakanninmu sun kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, sun yi noman Jazira da Gadarif fiye da shekara ɗari, wanda duk wannan bai ishe shi shaida ba to kakin soja ma ba zai ishe shi ba.

Batun tsoro kuwa dariya ya ba ni. Yaran ɗakunan agajin gaggawa, masu aikin sa kai irin naka, su ne dai 'yan kwamitin unguwa na jiya, an kama su an kashe wasunsu, kowane ɓangare na zarginsu da yi wa ɗayan aiki, ba su sauke tukunya ba. Abin da suke kira nafir ai shi ne gayyarmu ta gona. A 2025 har lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood aka ba su, ko da yake lamba ba ta sayen gawayi.

Kar ka zagi abokanka, wasunsu baƙin cikin abin da aka yi wa gidajensu ne ya kai su, ka zuba musu shayi ku yi hira. Littafin nan kuma ka kula da shi, suna da yawan bakin gida kawai, ban da ƙabila, kuma kar ka ɗauki hotonsa a waya don a shingen bincike waya ake fara karɓa.

Tambaya: Baba ni ina aiki a Jidda, ina so in riƙa aika wa takiyyar unguwarmu ta Omdurman kuɗi amma ina tsoron a cinye. — 'Yarka

Amsa: 'Yata ki nemi wadda kika sani ido da ido cikin matan da ke kan murhu, ki tura ta manhajar banki ta Bankak kaɗan kaɗan duk wata maimakon dunƙule ɗaya, ki ce a faɗa miki buhu nawa aka saya. In niyyar zakka kike yi ki fara tambayar malaminku tukuna.