Ɗiyata na rera ABCD har Z amma ko "mat" ba ta iya karantawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗiyata shekararta 6 tana firamare 1 a nan Agege, ABCD kam ba gargada, amma ki nuna mata kalma sai ta yi tsuru tana kallon hoto tana canka. Malamarsu ta ce a sa ta lesin, babanta kuma cewa yake wasa ne ya yi mata yawa. Ya zan gane inda matsalar take? Maman Hauwa, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Hauwa, ki kwantar da hankalinki. Waƙar ABCD sunayen haruffa kawai take koyarwa, karatu kuwa da sautinsu ake yi, kuma nan ne yara da yawa ke maƙalewa ba a lura ba.

Kafin ki biya kuɗin lesin ki gwada ta da kanki. Yanka kwalin madara ki rubuta s, a, t, i, p, n, su ne rukunin farko cikin sautuka 42 na Jolly Phonics, wato tsarin koyar da karatun Turanci ta hanyar sautin haruffa da makarantu da dama ke bi. Ki ɗaga ɗaya ɗaya ki ce wane sauti wannan yake yi. In ta wuce sai ki jera s-a-t ta haɗa, daga nan ki ƙirƙiro kalmar da ba ta da ma'ana kamar "nis", don wannan ba a haddace ta, dole sai an karanta. A Ingila ma tun 2012 haka suke gwada 'yan aji ɗaya, kalma 40 kuma 20 daga ciki na ƙirƙira ne.

In ta ce "f" a wurin "p" kar ki tsorata, bakin Hausawa ne, ki ɗora mata 'yar takarda gaban leɓe ta ga yadda "p" ke hura ta. Juya b da d ma ruwan dare ne a shekarunta.

Inda ta tsaya nan za ki fara, minti 10 kullum bayan la'asar, da Hausa ma in kin so, ba-ba, ta-sa, tunda rubutunmu yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Don Allah banda bulala da "daƙiƙiya", yarinyar da ke tsoro canka za ta ci gaba da yi. Ki tambayi malamar waɗanne sautuka suke kai yanzu don ku tafi tare. In zango guda ya wuce ba canji, ko kin ga sai an yi ta maimaita mata magana, ki kai ta asibiti a duba kunne da ido.