Fitilar sola ta wuni a rana amma ba ta kai tsakar dare: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, na sayi fitilar sola don lokacin da aka ɗauke wuta, da kuma in tafiya ta kama ni na kwana a daji. A jikin kwalinta an rubuta tana yin awa 12. Ina shanya ta tun safe har magariba, amma da na kunna, awa biyu ta dushe. Jabu aka sayar mini, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa fitilarka lafiyarta ƙalau, ƙoshi ne ba ta yi. Duba ɗan farantin solar da ke manne a kanta. In bai wuce tafin hannu ba, ƙarfinsa bai fi wat ɗaya ba, wani ma rabin haka. Rana kuma, ko da ta wuni a sama, ƙarfinta na gaske da ke cika batir bai wuce na awa 4 zuwa 6 ba. To batir mai 2000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), irin wanda ake yawan sa wa waɗannan fitilu, ya fi ƙarfin abin da wannan faranti zai tara a wuni ɗaya. Sai ya kwana biyu, wani lokaci uku, kafin ya cika. Kai kuma kullum da dare kana kwashe ɗan abin da ya shiga.

Awa 12 ɗin da ke kan kwali kuwa, galibi a mafi ƙanƙantar haske aka auna ta, kuma da cikakken batir. Ana auna haske da lumen. Kyandir ɗaya yana ba da kamar lumen 12, lumen 100 kuma ya ishi mutum karatu da harkar cikin ɗaki ko tanti. In ka sa ta a ƙarshen haskenta, lumen 300 ko fiye, dole ta ƙare da wuri.

Ga gwajin da zai raba gardama. In tana da ramin USB, ka yi mata caji da wutar lantarki har ta cika, sannan ka kunna a matsakaicin haske. In ta daɗe, faranti ne ya yi kaɗan. In har yanzu awa biyun ce, batirin ya mutu, ko tun asali bai kai abin da aka rubuta ba.

Abin da ya fi damuna da irin wannan fitila shi ne zafi. Tunda farantin a jikinta yake, shanya shi shanya batir ne. Ka taɓa ta da azahar ka ji yadda robar ke ƙuna. Batirin litiyam, irin wanda ke cikin yawancin waɗannan fitilu, ba ya son a yi masa caji in zafi ya haura digiri 45 a ma'aunin Celsius, kuma kullum aka yi masa haka ƙarfinsa raguwa yake, ba ya dawowa. Shi ya sa nake ba da shawarar fitila mai faranti daban, wat 3 zuwa 5, da doguwar igiya: faranti a rana, fitila a inuwa. In ka samu mai batirin LiFePO4, wani nau'in batirin litiyam, kada ka yi wasa da ita, domin yana jure caji sau 2000 ko fiye, na gama-gari kuwa daga 300 zuwa 500 ya fara gajiya. Haka kuma akwai shirin VeraSol da ke gwada ingancin irin waɗannan kaya. Wadda ta ci gwajinsu ta fi kwantar da hankali.

Kafin nan, ka lallaɓa wadda ke hannunka. Goge ƙurar farantin da tsumma mai laushi, ka fuskantar da shi ga rana kai tsaye, ba ta bayan gilashin taga ba. Inuwar ganye ɗaya ma tana rage masa aiki sosai. Kada ka riƙa cajin waya da ita, don batirin wayar zamani ya kai 4000 zuwa 5000mAh, zai tsotse ta tas bai ƙoshi ba.

Don kwanan daji, ka duba alamar IPX4, wato yayyafi ba ya cutar da ita, ka kuma cika ta tun a gida kafin ka tashi. In kuma za ka ajiye ta don ranar ɗauke wuta, kada ka bar ta babu caji. Duk bayan wata uku ka ciro ta ka ƙara mata.