Tambaya da Amsa: Bindiga na iya tashi ita kaɗai a cikin kube?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau da yawa idan bindigar ɗan sanda ta ji wa wani rauni sai a ce ita ta tashi da kanta. Shin ƙaramar bindiga na iya tashi ba wanda ya taɓa ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Harsashi ba ya fita sai allurar da ke cikin bindiga ta daki gindinsa. A yawancin bindigogin zamani akwai wani ɗan ƙarfe da ke tare hanyar allurar, kuma ba ya kaucewa sai an ja kunama baya. Ɗauki bindigar Glock misali. Kariya uku gare ta: ɗan harshe a tsakiyar kunama wanda sai an danne shi kunamar ke motsi, da ƙarfen da ke tare allura, da wani tudu da ke hana abin da ke riƙe allurar zamewa idan bindigar ta faɗi. Jan kunama ne ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Don haka a mafi yawan lokuta akwai abin da ya ja kunamar, ko yatsa, ko wani abu da ya yi aikin yatsa.

Amma ba ma cewa ƙira ba ta da laifi sam. A 2017 an gano cewa bindigar P320 ta kamfanin SIG Sauer na iya tashi idan ta faɗi a wata karkata, bakinta na kallon sama, ƙeyarta ta bugi ƙasa. Nauyin kunamar ne ke sa ta ci gaba da tafiya baya bayan jikin bindigar ya tsaya. Kamfanin ya buɗe gyara kyauta a shekarar, ya rage nauyin kunama da na allura. Daga baya aka yi ta kai ƙara a Amurka cewa tana tashi a cikin kube, har masu taya alƙali yanke hukunci a Filadelfiya suka ba wani mutum dala miliyan 11 a 2024. Kamfanin dai na nan kan bakansa cewa ba ta tashi sai kunama ta motsa. Samfurin da sojojin Amurka ke riƙewa, M17 da M18, yana da makullin da ake turawa da babban yatsa, abin da yawancin na 'yan sanda ba su da shi.

Tambaya: Ni ma'aikacin tsaro ne. Me zan duba a jikin kube kafin in amince da shi?

Amsa: Yallaɓai, bindigar da ba ta da makulli na waje, kubenta ne makullinta. Abu na farko, ya rufe zoben da ya kewaye kunama gaba ɗaya, ta ɓangarorin biyu. Gwajin ba wuya: cire gidan harsasai, tabbatar babu harsashi a ciki, saka bindigar a kube, sannan ka gwada zura ƙaramin yatsa ko biro ta kowace kafa. In ka taɓo kunama, kuben ya faɗi jarrabawa.

A nan ne kuben bindiga mai tocila ke ba da ciwon kai. Tocilar da ake maƙalawa ƙarƙashin bututu ta fi zoben kunama faɗi, dole a buɗa bakin kuben don ta wuce, sai a bar rata a gefen kunama. Ta wannan ratar maɓalli, ko ƙarfen bel ɗin kujerar mota, ko yatsan yaro ke iya shiga. Kuma kube ana ƙera shi ne don bindiga iri ɗaya da tocila iri ɗaya. Wanda aka ce "ai ya kusa daidai" bai yi daidai ba.

Na biyu, taurinsa. Kuben fata idan ya tsufa ya sha gumi, bakinsa kan yi laushi ya lanƙwashe ciki, sai wannan leɓen ya shiga zobe ya danna kunama yayin da ake tura bindigar. Na roba mai tauri ba ya haka, amma yana tsagewa, kusoshinsa na kwancewa. A riƙa dubawa kowane mako.

Na uku, yadda ake buɗe shi. Kuben aiki na da matakan riƙo, galibi na ɗaya zuwa na uku, gwargwadon yawan makullan da ke hana wani fizge bindigar. Mun fi natsuwa da wanda babban yatsa ke buɗewa. Wanda ake dannawa da manuniya yana da aibi a ƙirarsa: yatsan na danne yayin da bindigar ke fitowa, in ya lanƙwashe kaɗan sai ya zarce kan kunama, bakin bindigar kuwa na kallon cinyar mai ita.

Mayar da bindiga cikin kube shi ne lokacin da ya fi haɗari, kuma babu abin da ke sa gaggawa a cikinsa. Miƙe manuniya a jikin bindiga, ka kawar da gefen riga da igiyar jaket da ɗaya hannun, ka kalli bakin kuben, ka tura a hankali. In ka ji ta cije, kada ka danna. Fito da ita ka duba.

Tambaya: Mijina ya ce ko ƙwararre na iya harbi bai yi niyya ba. Ta yaya?

Amsa: Gaskiya ya faɗa miki, Hajiya. Hannu na damƙewa da kansa a hali uku: idan mutum ya firgita, idan ya yi tuntuɓe, da idan ɗaya hannun ya yi riƙo mai ƙarfi, kamar cafke wanda ake kamawa ko fizgar ƙofa, sai hannun da ke riƙe da bindiga ya kwaikwaye shi. Damƙar namiji baligi kan kai kilo 40, kunamar Glock kuwa kusan kilo biyu da rabi take buƙata. Shi ya sa 'yan sandan birnin Niu Yok suka shafe shekaru da kunama mai tauri, ta sama da kilo 5, ko da yake taurin na rage iya saiti.

Ofishin sharif, wato rundunar 'yan sandan gundumar Los Anjalas, ya ga tasirin wannan da ya bar Beretta 92, mai makulli da jan farko mai nauyi, ya koma Smith & Wesson M&P. Harbin kuskure ya tashi daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014. Jami'an da suka saba ɗora yatsa kan kunama, tsohuwar bindigar na yi musu afuwa, sabuwar ba ta yi. Wurin manuniya shi ne can sama a jikin bindiga, ba a gefen zobe ba, sai an yanke shawarar harbi.

Tambaya: Me ya sa ake yawan jin ta tashi wajen gogewa?

Amsa: Juya tsari ne. Wasu bindigogin, har da Glock, sai an ja kunama kafin a kwance su. Wanda ya fara jan marfin sama baya kafin ya cire gidan harsasai, ya fitar da harsashi ɗaya ya ɗora wani bai sani ba. Gidan harsasai ake fara cirewa, sannan a ja marfin a kafe shi a buɗe, a leƙa da ido a kuma taɓa da yatsa. Harsasan a kai su wani ɗaki, bakin bindigar kuma ya kalli abin da zai iya tsayar da harsashi, kamar ganga cike da yashi.